'Yar Autar Bayan Fiffike

A sashen nasu na jami'a babu mai kiranta da sunan yanka. Ɗalibai su ce Dakta, tsofaffin abokan aiki su ce Maman Auta, baƙo kuma in ya ji sai ya ɗauka don ƙaramar 'yarta ta gida ake faɗa. To, ba ita ba ce. Autar da ake nufi wata 'yar guguwa ce da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, wadda ba ta taɓa tashi a ko'ina ba sai a cikin kwamfuta, a bayan fiffiken wani jirgin sama da shi ma ba a taɓa ƙera shi ba. A kan wannan abu baiwar Allahn nan ta ƙarar da ƙuruciyarta, kanta ya yi furfura, ta yi ta canza tabarau kowanne ya fi na baya kauri.

Aikin nasu, in za a faɗa a taƙaice, shi ne gano abin da iska ke yi wa fiffike idan jirgi ya faɗa gargadar sama, irin wadda kan sa fasinjoji su tuna da Ubangijinsu a lokaci guda. Ba sa hawa jirgi, ba sa taɓa ƙarfe. Sukan zana fiffike a kwamfuta, su yayyanka iskar da ke kewaye da shi gida-gida kamar idon raga, sannan su bar inji ya yi ta lissafin yadda iska ke fita daga wannan ido ta shiga wancan. Su ma raga suke ce mata. Kusa da jikin fiffike, inda rikicin yake, sai a matse idanun su yi ƙanana. Can nesa kuma a sake su su yi manya, don kada lissafi ya fi ƙarfin inji. Inda ƙananan idanu suka haɗu da manya, wurin suke kira ɗinki.

Surukarta, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa yarda ta faɗa wa mutane cewa matar ɗanta aikin iska take yi ba. Malamar makaranta ce, in ji ta, a bar maganar a haka.

Ta shigo harkar ne tana ɗaliba, da goyon ɗanta na fari. Farfesan da ya ɗauke ta dogo ne siriri, mai faɗa a kan waƙafi da aya, wanda bai iya yabo ba sai dai ya yi shiru, shirun nan kuma shi ne yabon. Ya ba ta tebur a wani ɗaki a ƙasan bene, ba taga, sai fanka mai kuka da ƙamshin shayin da ya huce. Injinsu na lokacin sai ya shafe makonni yana nishi kafin ya ba da amsa ɗaya. Wata safiya ta zo ta buɗe abin da ya gama. Ta ga manyan guguwoyi sun taso kan fiffike sun yi ɓarnarsu sun wuce, yadda kowa ya sani. Sai can daga ƙarshe, daf da bakin fiffike na baya, wata 'yar mitsitsiya ta leƙo, tana juyawa saɓanin sauran. Muddin tana nan kuwa, jijjigar da fiffike ke sha sai ta ragu.

Ta hau bene ta kira Farfesa. Ya sauko da kofinsa a hannu, ya kalla, ya ce ta mayar baya, ya sake kallo, ya manta da shayin a kan teburinta. Idan abin nan gaskiya ne, kuma aka iya yi wa fiffike wata 'yar dabara da za ta riƙa tayar da shi da gangan, to masu hawa jirgi sun samu sauƙi. Shi ya raɗa mata suna. Ya ce ita ce ke zuwa ƙarshe, kuma tana zuwa gida ya lafa, saboda haka 'Yar Auta ce. Kafin mako ya zagayo ɗalibarsa ta zama Maman Auta.

Amma Farfesa yana da doka, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace ta. Yakan ce raga maƙaryaciya ce, tana iya haifar abin da babu shi a cikin iska. Kada a yarda da komai sai an matse idanunta sau uku, abin yana nan bai gushe ba. Suka matse sau ɗaya, Auta na nan. Suka matse na biyu, injin ya kusa sheƙawa, Auta na nan daram. Na ukun ne ya gagara, don yana buƙatar babban inji irin wanda jami'o'i da yawa ke tarayya a kansa, wanda sai an rubuta an roƙa, kwamiti ya zauna, sannan a ba mutum lokaci. Suka fitar da binciken a mujalla haka nan, da jimla guda a ƙarshe mai cewa gwaji na uku yana nan tafe. Farfesa ne ya rubuta jimlar, amma ita ce ta ɗauke ta a ka sama da shekara ashirin.

Duk shekara sai ta roƙa, duk shekara kwamiti ya amsa da ladabi cewa aikin yana da ban sha'awa, sai dai akwai waɗanda suka fi shi gaggawa. Ba a taɓa ba ta kujerar dindindin ba. Kwantiragi ne shekara-shekara, a sabunta mata a ƙurarren lokaci kamar ana yi mata alfarma. Waɗanda suka fara tare duk suka watse. Wani ya tafi banki yana lissafin asara, wata ta shiga kamfanin inshora, wani ma ya buɗe shagon sayar da kwamfuta, kuma ya fi su duka ƙiba. Aka yi ta sauya mata ofis, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta, har ta ƙare a wani lungu kusa da ɗakin ajiyar tsofaffin kujeru. Don a ga amfaninta aka ɗora mata koyar da lissafi ga 'yan shekarar farko, aji mai cika har bakin ƙofa, rabinsu suna latsa waya.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wanda ya faɗi haka bai gaya mana shekara nawa ake yi ana hura wutar ba.

Ba wai babu masu shakka ba ne. Wasu masu bincike a wata jami'ar sun ƙera ƙaramin fiffike na gaske, suka sa shi a bututun gwajin iska, suka ce su kam ba su ga wata auta ba. Farfesa ya ce na'urorin awonsu ne ba su da kaifi. Ita ma haka ta ce, kuma har zuciyarta ta yarda. Ai ga ɗalibai nan bi da bi, kowanne ya yi nasa lissafin ya ga Auta da idonsa. Abin da babu wanda ya tsaya ya duba shi ne, dukkansu da ragar Farfesa suke aiki. Shi ya saƙa ta tun farko, aka yi ta gadonta hannu zuwa hannu kamar tukunyar kaka. A ƙara mata idanu, a matse nan, a gyara can, amma tsarinta babu mai taɓawa.

Mijinta mai awon filaye ne, mutum mai sanyin hali da tsokana a hankali. Yakan ce shi dai ko ba komai abin da yake aunawa ana iya tsayawa a kansa. Shekarun baya an taɓa ba ta koyarwa ta dindindin a wata kwalejin horar da malamai, kusa da inda yake aiki, ga gida ga hutu. Ta ce a bari a samu inji tukuna. Gyaran rufin ɗaki, ziyarar ƙanwarta da ke nesa, aikin idon da likita ya ce a yi, duk sai an samu inji. Tun yana tambaya har ya daina, wannan dainawar kuwa ta fi tambayar yi mata ciwo. Autarta ta gida, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, tun tana firamare ta taɓa gaya wa malamarsu cewa su biyu ne auta a gidansu, amma ɗayar a ofis take kwana kuma Mama ta fi sonta. Aka yi dariya a lokacin. Ita uwar ba ta manta ba.

Farfesa ya yi ritaya, bayan 'yan shekaru ɓarin jikinsa ya shanye, sannan mantuwa ta fara shigarsa kaɗan-kaɗan. Maman Auta ta mayar da yammacin Alhamis ranar gaishe shi. Takan tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, an rufa masa zane a gwiwa, farantin magunguna a gefe, rediyo na magana ba mai saurare. A bangon da yake fuskanta akwai hoton Auta a cikin gilashi, ja da shuɗi, wanda aka buga tun wancan zamanin har launin ya koɗe. Matarsa, wadda take kira Gwaggo, takan kawo shayi ta zauna daga gefe tana gyara masa zanen. Ya manta sunayen jikokinsa, wani lokaci ya tambayi ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa. Amma da ta yi sallama sai fuskarsa ta washe, tambayar kuma ba ta canzawa.

"Maman Auta. Yaya 'Yar Auta?"

"Tana nan, Malam. Muna jiran inji."

"Za a samu," in ji shi.

Aka kuwa samu, a lokacin da ta riga ta fid da rai. Kada wani ya ɗauka kwamiti ne ya farka daga barci. Wata ƙungiya ce da aka ba lokaci ta janye, aka rasa wanda za a cusa a gurbin, sai aka tuna da matar nan mai naci. Saƙon ya same ta tana duba takardun jarrabawa. Ta karanta, ta ajiye, ta ƙarasa takardar da ke hannunta. Ta yi mamakin kanta da ba ta ji komai ba sai ciwon baya.

Da irin wannan inji babu sauran tsimi. Ta shimfiɗa ƙananan idanu tun daga gaban fiffike har can nesa da bayansa, ta kai ɗinkin wani wuri da ba ruwansa da kowa. Ta tura aikin, ta ci gaba da zuwa aji. Bayan 'yan makonni, wata safiya, amsa ta iso. Ta rufe ƙofar lungunta, ta goge tabarau, ta kunna. Ba ta taɓa ganin iska da kyau irin na ranar ba, kowane zare a fili. Manyan guguwoyi suka taso, suka yi ɓarnarsu, suka wuce. Ta matso da kujera tana jiran ta ƙarshe. Bakin fiffike na baya ya tsaya fayau, ba abin da ya leƙo. Ta mayar baya ta sake kallo, ta sake, har mai shara ta ƙwanƙwasa ta gaji ta tafi.

Ta yi kwanaki tana neman kuskure a sabon aikin, don kuskure a nan shi ne zai cece ta. Ba ta samu ba. Daga nan wani tunani ya zo mata wanda ta so ƙwarai a ce bai zo ba. Ta ɗauko tsohuwar ragar Farfesa, ba ta canza komai ba sai abu ɗaya, ta ja ɗinkin baya kaɗan daga bakin fiffike. Sai ga Auta ta fito, kyakkyawa kamar kullum, amma ba a wurinta na da ba, a kan sabon ɗinkin. Ta ƙara ja baya, Auta ta bi. Ta dawo da shi gaba, Auta ta dawo, kamar ɗan tsako a bayan kaza. Ashe ba 'yar iska ba ce ba kuma 'yar fiffike ba, 'yar ɗinki ce. Duk inda lissafi ya tsallaka daga ƙananan idanu zuwa manya sai ya yi ɗan tuntuɓe, tuntuɓen nan ne suka sa wa suna suka rataya hotonsa a bango. Sau biyu sun matse raga yadda doka ta ce, amma ba wanda ya taɓa gusar da ɗinkin, domin a nan Farfesa ya sa shi.

Ba ta yi kuka ba. Gajiya ce ta sauko mata, irin wadda barci ba ya magani. Ta buɗe kwanon abincinta ta ci a sanyaye, ta tafi aji ta koyar da darasin ranar har ƙarshe.

Shugaban sashe, wanda ita ta koya masa lissafi yana ɗan shekarar farko, ya saurare ta yana juya biro. Cikin girmamawa ya nuna mata cewa babu wanda ya tambaye ta, ritayarta ta kusa, hoton nan kuma har a allon ƙofar sashe yake, me zai hana a bar kaza cikin gashinta. Ta gode masa. Ta koma lungunta ta rubuta abin da ta gani, gajere, ba ado, ta tura wa mujallar da ta buga na farkon. Ba jarumta ce ta sa ta ba. An rubuta cewa gwaji na uku yana nan tafe, alkawari kuwa kaya ne, ita kuma wuyanta ya gaji.

Ta gaya wa mijinta yana durƙushe yana gyaran famfon tsakar gida. Ta yi zaton zai tuna mata da kwalejin nan, ta ma shirya amsa, amma bai yi ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya tambaye ta ko yanzu za ta huta, ta ce ba ta san yadda ake yi ba. Ya ɗaure famfon, ya goge hannu a wandonsa, sannan ya faɗi abin da take ta kauce wa.

"Malam fa? Wa zai gaya masa?"

Ta kwana biyu tana juya maganar. Mutumin da ya koya mata cewa raga maƙaryaciya ce, shi za ta je ta yi wa ƙarya? Ta ga in ta ɓoye masa ta mayar da shi yaro ke nan, ita kuwa ba ta taɓa ganinsa a haka ba, ko da ake ba shi abinci a baki. Ta yanke cewa haƙƙinsa ne ya sani.

Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, Alhamis ɗin nan hankalin Malam ya dawo sarai. Da ya yi tambayarsa ta kullum sai ta ja kujera kusa, ta faɗa masa komai daki-daki, yadda ɗalibi ke ba malaminsa rahoto. Ya saurara ido a rufe. Ya tambaya ko ta gwada kai ɗinkin gaba, ba baya kaɗai ba. Ta ce ta gwada. Ya tambaya ko jijjigar ma ta daina raguwa. Ta ce ta daina. Tambayoyin nan masu kaifi suka dawo mata da Farfesan da ta sani, har ta ji wani ɗan daɗi da bai dace ba. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon hoton.

"Ni na sa ɗinkin a wurin," ya ce a hankali. "Na cinye miki shekarunki, 'yata."

Ta ce ba haka ba ne, tare suka gani, tare suka yarda. Bai ji ta ba. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye, ba ya iya sharewa, sai Gwaggo ce ta share masa da bakin zane. Ya ce a sauke hoton. Gwaggo ta sauke ta jingina shi a bayan kabad, ta raka baƙuwar har ƙofa. Washegari ta bugo waya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce tun jiya Malam bai sa komai a bakinsa ba, ko maganin ma sai da dabara, ya juya wa taga baya yana ta cewa ya cuci yarinya.

Makon nan Maman Auta ta yi shi kamar mai zazzaɓi. Mujalla ta amsa cewa za ta buga, har da yabon gaskiyarta, ta karanta ta ji kamar da wata ake. Da Alhamis ta zagayo sai ta tsaya a bakin titi motoci suna wuce ta, tana neman dalilin komawa gida. Ba ta samu ba, ta tare mota ta hau.

Gwaggo ce ta buɗe mata. A soro ta riƙe hannunta ta yi ƙasa da murya. Ta ce kwana biyu bayan wancan zuwan Malam ya tashi da safe yana faɗa, wai wane marar kunya ne ya sace masa hoto. Babu yadda ba ta yi ba, dole ta mayar. Tun daga lokacin yake cin abincinsa, har ƙari yake nema. Ba ta roƙe ta komai ba, ta dai sake hannunta ta wuce gaba.

Yana kujerarsa ta bakin taga, zane a gwiwa, rediyo na magana. Hoton na bango, ya ɗan karkace. Duk duniya, ɗakin nan kaɗai ya rage inda 'Yar Auta take da rai. Ya ji sallamarta ya juyo, fuskarsa ta washe kamar yadda ta saba.

"Maman Auta. Yaya 'Yar Auta?"

Gwaggo na tsaye da farantin shayi, ba ta ajiye ba. Maman Auta ta sauke jakarta a ƙasa, ta zauna, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta gaya wa shugaban sashe gaskiya, ta gaya wa mujalla, ta gaya wa mijinta, ta gaya wa wannan tsohon ma sau ɗaya, ta kuma ga abin da ta saya da ita. In ta sake faɗa yau, sai ta sake wani makon, da wanda ke biye da shi, kullum sabuwar rasuwa. Ta mayar da tabaran.

"Tana nan, Malam. Muna jiran inji."

"Za a samu," in ji shi. "Ki ƙara haƙuri."

Ta ce to. Gwaggo ta ajiye farantin ta fara zuba shayi.